Daga Zaure Zuwa Wayar Salula: Yadda Kanawa Suka Saba Sa Ido Kan 'Ya'yansu

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, iyaye a cikin birnin Kano ke fama da tambaya guda: ya dace uba ko uwa su ɗauki wayar ɗansu su karanta saƙonninsa? Wasu na ganin lamarin sabo ne fil, don haka babu abin koyi wurin magabata. Ni kuwa ina ganin tarihin unguwannin cikin badala ya riga ya ba da amsa. Mutanen da sun san wanda 'yarsu take magana da shi, sun san wurin, sun san lokacin, amma laɓewa a saurari abin da ake faɗa ba su ɗauke shi aikin mutumin kirki ba.

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta fara kulle da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya gina Gidan Rumfa ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Da al'adar ta bazu daga fada zuwa gidajen malamai da attajirai, sai saƙon matan aure ya koma tafiya a bakin yara. Wata masaniya 'yar Amurka, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle suka dogara da yara wajen talla da cefane da kai labari gida-gida. Ginin gidan ma tsarin tace saƙo ne: baƙo ya tsaya a zaure, ɗan aike ya wuce ciki, mutanen gida su ji daga wa saƙon ya fito.

A wajen zance aka fi ganin hikimar wannan tsari. Bayan sallar isha'i saurayi zai tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro, yaron ya shiga ya ce wai ana sallama da wance. Uwa za ta tambaya, in ji wa? In ɗan gidan da aka sani ne, yarinya ta ɗauki tabarma da fitila ta fita zaure, sau da yawa da ƙanwa ko ƙawa 'yar rakiya. Masu wucewa suna ganinsu, mai gida in ya dawo daga masallaci yakan yi gyaran murya kafin ya ratsa, in dare ya fara yi kuma a aiko a ce ta shigo. Da wuya abin kunya ya faru a irin wannan zama, amma kalmomin da suka yi wa juna nasu ne su biyu.

Kunya ce ta riƙe wannan iyaka. Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari ba za ta zauna tana tonon zancen soyayyarsa ba. Wannan aiki na kaka ne, wadda wasan jika ya ba ta damar tambayar komai, ko na gwaggo, ko na yaya. Addini kuma ya ƙarfafa hakan, domin aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur kuma ta koyar da neman izini kafin shiga, har tsakanin 'yan gida ɗaya. Shi ya sa yaro in ya balaga ake ware masa shago a bakin ƙofa: ana ganin shigarsa da fitarsa, ba a bincike masa ƙarƙashin katifa.

Da karatun boko ya yaɗu, wasiƙa ta fara ratsa zaure a naɗe cikin littafi, kuma daga shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika hannun 'yanmata. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Karatunsu bai tsaya ba, yau ma a WhatsApp ake raba su. Ƙwace da ƙonawa sukan kawar da abu daga idon manya ne kawai.

Mai ja zai ce zaure yana da bango da ƙofa ɗaya, waya kuwa kowa na iya shigowa ta cikinta tsakar dare, har da ɗan damfara da dillalin ƙwaya da mai lalata yara. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara wa iyaye nauyin sanin su wane ne ke cikin wayar. Sai dai binciken ɓoye ba ya kai su ga wannan sani. Yarinyar da ta gane ana karanta mata saƙo in ta yi barci za ta sauya lambar sirri, ko ta sayi wani layi ta ajiye wurin ƙawa, daga nan uwa ta rasa har ɗan abin da take gani. Wani kuma zai ce tsohon tsarin ba tsarkakakke ba ne, tun da a cikinsa aka yi auren dole, talla kuma ta jefa yara mata cikin haɗari. Wannan ma gaskiya ne, amma illar auren dole ta fito ne daga ƙin sauraron yarinya, kuma karanta saƙonta a ɓoye wani salon ƙin sauraronta ne.

Abin ɗauka daga tarihin nan a fili yake. Ƙaramin yaro wayarsa a buɗe take ga iyaye, kuma a gaya masa haka tun ranar da aka ba shi. Wanda ya tasa, a san abokan hirarsa, a sa lokacin ajiye waya da dare, a samar masa babba da yake sakin jiki da shi. In alamar haɗari ta bayyana, iyaye suna da haƙƙin buɗe wayar, amma a gabansa, bayan an faɗa masa dalili. Ɗan da aka bi da shi ta wannan hanya, ranar da baƙo ya turo masa abin da ya tsorata shi, da ƙafarsa zai kawo wayar.