Daga Kano zuwa Akra da jakar goyo: Abin da matafiyin farko mai ƙaramin guzuri ya kamata ya sani

Ga matashin da ke son leƙa ƙasar waje a karon farko, shi kaɗai, da jakar goyo a baya da 'yan kuɗi kaɗan a aljihu, da wuya a sami hanyar da ta kai ta bakin tekun Afirka ta Yamma sauƙi: Legas zuwa Kwatano, Kwatano zuwa Lome, Lome zuwa Akra. Ba a neman biza, ba a bukatar tikitin jirgin sama, kuma a cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 500 daga Legas ba, mutum zai taka ƙasashe uku, ya riƙe kuɗi iri biyu, ya ji Faransanci da Ingilishi da Hausar da ta sha bamban da ta gida.

Kuɗin mota ba kasafai yake karya matafiyi a wannan hanya ba. Abin da kan tagayyara shi shi ne takarda guda da bai tanada ba, ko hatimin da ba a buga masa ba, ko canjin da ya yi a gurguje a bakin iyaka, ko kuɗin komowa da ya taɓa tun yana tsakiyar tafiya. Duk waɗannan a gida ake magance su, kafin a hau mota.

Abin da doka ta ba matafiyi

An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a shekarar 1975. A 1979 ƙasashenta suka rattaba hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Sharuɗɗan uku ne: ingantacciyar takardar tafiya, takardar shaidar rigakafi, da shiga ta halastacciyar ƙofa.

Wannan dama tana da iyaka. Kwana 90 na ziyara ne, ba izinin aiki ko buɗe shago ba ne. Haka kuma yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga wanda dokarta ba ta amince da shi ba.

A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, mambobi suka koma 12. A lokacin ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta har sai an yi wata sanarwa. Matafiyin da zai taso daga Maraɗi ko Damagaram ya kamata ya binciki halin da ake ciki a makon tafiyarsa.

Takardun da ba a tashi sai da su

Na farko shi ne fasfo, wanda Hukumar Kula da Shige da Fice ta Najeriya ke bayarwa. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗinsa a cikin gida ya koma Naira 100,000 ga mai shafi 32 na shekara biyar, da Naira 200,000 ga mai shafi 64 na shekara goma. Hukumar tana kuma bayar da takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ta fi araha, amma ba ta aiki a wajen yankin. Ana cike fom da biyan kuɗi a shafin hukumar na intanet. Dillalan da ke tsaye a bakin ofis suna alkawarin gaggawa ba su da hurumi a dokance.

Na biyu shi ne katin rigakafin cutar shawara, mai launin ruwan ɗorawa, wanda sashen kula da lafiya a tashoshin shiga ƙasa na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke bayarwa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi bai cika sharaɗi ba. Tun daga Yulin 2016 dokokin Hukumar Lafiya ta Duniya suka mayar da allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Katin da aka saya ba tare da allura ba jabu ne, kuma ba ya hana sauro cizo.

A ɗauki hoton shafin bayanan fasfo da na katin, a ajiye a waya, a tura wa wani amintacce a gida, a kuma buga kwafi biyu a sa a aljihun da ba na fasfon ba.

Hanya da iyakokinta

Zangon farko, daga Kano zuwa Legas, ya kusa kilomita 1,000, wato ya ninka sauran tafiyar baki ɗaya. Shi ne ya fi cin kuɗi da gajiyarwa, kuma shi ne ya fi bukatar a shiga mota a tashar da aka sani, inda ake rubuta sunayen fasinjoji. A kwana a Legas a huta, a tunkari iyaka da sassafe.

Daga nan zaɓi biyu ne. Akwai kamfanonin manyan motoci da ke ɗaukar fasinja daga Legas kai tsaye zuwa Akra, ma'aikatansu na tattara fasfo su kai a buga hatimi. Sun fi tsada, amma sun fi kwanciyar hankali ga wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba. Akwai kuma tafiya gaɓa-gaɓa: ƙaramar mota daga Mile 2 zuwa Seme, a tsallaka da ƙafa, a hau wata. Wannan ta fi araha, ita ce kuma ke ba da damar kwana a kowane gari.

Iyakokin uku ne: Seme da Krake tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji da Sanbi Konji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana, wadda ke manne da birnin Lome. Daga Legas zuwa Kwatano kimanin kilomita 120 ne, daga nan zuwa Lome kimanin 150, daga Lome zuwa Akra kimanin 190. Najeriya da Benin agogonsu ɗaya, amma da an shiga Togo sai a mayar da agogo baya da awa ɗaya, haka kuma a Gana.

A kowace iyaka hatimi biyu ake bugawa, na fita da na shiga. Kada a bar wurin sai an buɗe fasfo an ga kowanne da ido, tare da kwanan wata. 'Yan acaɓa da 'yan kamasho kan yi tayin bi da mutum ta bayan fage don ya kauce wa layi. Wanda ya yarda ya zama baƙon haure, kuma iyaka ta gaba ce za ta tona shi, domin babu hatimin shiga da za a ɗora na fita a kansa.

Matafiya sun daɗe suna kokawa kan kuɗin da ake nema a teburori daban-daban, musamman daga mai sabon fasfo da ba a taɓa buga wa hatimi ba. Yarjejeniyar 1979 ba ta tanadi irin wannan kuɗi ba. Abin da ya fi amfani shi ne cikakkun takardu, ladabi, neman rasit, da rashin gaggawa, domin wanda aka ga yana sauri shi ne ake matsa wa.

Iyaka kuma tana iya rufuwa ba zato. Najeriya ta rufe nata na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Gana ta rufe nata na tsawon shekara biyu, daga Maris ɗin 2020 zuwa Maris ɗin 2022. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta rufu bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ta kuma ci gaba da zama a rufe ko bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024.

Canji da lissafin guzuri

Benin da Togo suna amfani da Sefa ta Afirka ta Yamma, wadda ƙasashe takwas ke kashewa, har da Nijar. An ɗaure ta da Yuro a kan Sefa 655.957, don haka Sefa 10,000 ta ɗan haura Yuro 15. Sefar Kamaru da Chadi darajarsu ɗaya da wannan, amma takardun daban ne, ba a karɓar su a kasuwar Kwatano. A duba da kyau kafin a karɓa daga ɗan canji. Gana kuwa Sidi take kashewa.

Tun da aka saki Naira a kasuwa a Yunin 2023 darajarta ta faɗi ƙwarai, saboda haka lissafin da wani ya yi shekaru uku da suka wuce ba shi da amfani yau. A tambayi farashi a wurin 'yan canji biyu ko uku, a Wapa ko a Legas, a canza mafi yawan Sefar kafin a tashi. A bakin iyaka a canza abin da zai kai mutum gari kawai, a ƙirga a gaban mai canjin, a kuma nemi ƙananan takardu. Kada a dogara da katin banki na Naira. Bankuna da dama sun dakatar da amfani da shi a waje a 2022, waɗanda suka dawo da shi kuma sun sa masa iyaka.

Akwai wata ƙidaya da ke rikita ɗan Najeriya. 'Yan kasuwar da suka fito daga Nijar suna lissafi da dala, wato Sefa biyar. Idan aka ce dala ashirin, Sefa 100 ake nufi, jika ɗaya kuwa Sefa 1,000 ce.

Guzurin a kasa shi huɗu: kuɗin mota, kuɗin masauki da abinci, kuɗin ko-ta-kwana, da kuɗin komowa har ƙofar gida. Kaso na ƙarshe a naɗe shi daban, a ɓoye a jiki, a ɗauka kamar babu shi. Ranar da aka ga za a taɓa shi, ranar ce ta juyowa. Ga tafiyar farko, kwana 10 zuwa 14 sun isa, kuma zama kwana uku a gari ɗaya ya fi arha a kan sauya gari kullum.

Zango: masauki da abinci

Bahaushe ba baƙo ba ne a waɗannan ƙasashe. Tun ƙarnonin baya ayarin fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, suna yada zango a Salaga da sauran garuruwa. Sunan ya zauna, har yau unguwannin Musulmi baƙi a Gana da Togo da Benin zango ake kiran su. Akwai Zango a tsakiyar Kwatano, akwai a Lome, a Akra kuma akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango, inda Hausa ke biya wa mutum bukata daga tasha har masallaci.

A nan ne abinci ya fi araha, kuma babu shakkar halaccin nama. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake wadda mutanen Gana ke kira wace, da tuwon zafi, duk ɗan Arewa zai gane su. A sha ruwan leda ko na gora da ba a buɗe ba.

Ƙananan masaukai a kusa da zango sun fi na bakin teku sauƙi. A ga ɗaki kafin a biya, a duba makulli da ruwa da gidan sauro, a kuma isa gari da rana. Wanda aka ba masauki a gidan dangi ko aboki ya tafi da tsaraba, ya faɗi ranar tafiyarsa tun ranar da ya sauka.

A cikin gari, 'yan acaɓar Kwatano masu riguna ruwan ɗorawa da ake kira zemijan, da ƙananan motocin Akra da ake kira toro-toro, su ne sufurin talaka. Da ɗan acaɓa a yi ciniki kafin a hau. Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a Akra a 2021 ba ya cin kuɗin shiga. Wuraren tarihi irin su gidan bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ana biya, kuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Lokaci da kaya

Damina mai ƙarfi a bakin teku tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, da wata ƙarama wajen Satumba da Oktoba. A watan Disamba Akra kan cika da baƙi masu zuwa bukukuwa, masauki ya yi tsada. Janairu da Fabrairu sun fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi.

Jaka ɗaya da za a iya ɗorawa a cinya ta wadatar: kaya kala uku, silifas, darduma mara nauyi, tocila, ƙaramin kwaɗo, man sauro, da maganin da likita ya rubuta tare da takardarsa. Soket ɗin Benin da Togo mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ba irin na Najeriya da Gana ba, don haka a tanadi mahaɗin caja. Sayen layin waya a can yana bukatar rajista da takardar shaida.

Tarkunan da ke hanya

Kada a karɓi saƙon kowa a tsallakar da shi, ko da ƙunshin goro ne, sai an buɗe an gani. Abin da aka kama a jakar mutum nasa ne a gaban doka, kuma ƙwayoyi irin su tiramadol suna kai mutum kurkuku a duk ƙasashen.

Tarko na biyu ya fi muni. Jami'an tsaron Gana sun sha kuɓutar da matasa, ciki har da 'yan Najeriya, daga gidajen da aka tsare su bayan an yaudare su da alkawarin aiki. Sau da yawa gayyatar daga wani sananne take fitowa. Alamominta a bayyane suke: a nemi kuɗin rajista kafin a ga wurin aiki, a ce kada a gaya wa iyaye, ko a karɓe fasfo da waya da sunan ajiya. Duk wanda ya nemi riƙe fasfon matafiyi, in ba jami'i ba ne a bakin aikinsa, a rabu da shi. A Najeriya hukumar NAPTIP ce ke karɓar ƙorafin safarar mutane.

Idan abu ya ɓaci

Najeriya tana da ofishin jakadanci a Kwatano da Lome da Akra. A rubuta adireshinsu a takarda kafin a tashi, tare da lambobin mutum biyu na gida, domin waya na iya ɓacewa ko ta mutu. Wanda fasfonsa ya ɓata ya fara kai rahoto ga 'yan sanda ya karɓi takarda, sannan ya je ofishin jakadanci a ba shi takardar gaggawa ta komawa gida. A nan ne kwafin da aka buga tun a Kano zai yi ranarsa.

Zazzaɓi kuma kada a yi masa jinkiri, a je asibiti a yi gwajin cizon sauro a ranar. Sannan kowace yamma mutum ɗaya a gida ya san garin da matafiyi ya kwana, da sunan masaukin, da inda ya nufa gobe.