Taswira da Hamada: Tarihin Ƙidayar Itatuwan Ƙasar Hausa daga Sama

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi diddigin yadda aka riƙa amfani da taswira, tun daga ta takarda har zuwa ta kwamfuta, wajen yanke hukunci a kan itatuwan ƙasar Hausa, musamman yankin da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar. Abin da muke son mu nuna shi ne, kowane zamani da irin idon da ya dubi ƙasar nan da shi, kuma duk abin da idon ya kasa gani, a kan manomi laifinsa yakan ƙare.

2.0 Zamanin Ido da Takarda

A shekarar 1934 wani shehun malamin ilmin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa wannan yanki da rani. A 1935 ya buga maƙala inda ya ce hamadar Sahara tana gurgusowa kudu, ya kuma ɗora alhakin haka a kan sassabe da ƙunar daji da kiwo. Maganar ta tayar da hankalin mahukunta, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya zaga kan iyaka tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin bai sami shaidar da ta tabbatar da wannan gurgusowa ba. Amma da yake magana zarar bunu ce, ra'ayin Stebbing ya riga ya zauna a zukatan ma'aikata. A ɓangaren Faransa kuwa, dokar daji ta 1935 ta sanya muhimman itatuwa a ƙarƙashin ikon hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta. Sakamakon haka, manomi ya daina ganin amfanin rainon itacen da malamin daji zai ci shi tara idan ya sare reshensa.

Irin wannan kuskure ya sake aukuwa a 1975, lokacin da Hugh Lamprey ya yi shawagi da jirgin sama a ƙasar Sudan, ya gwada abin da ya gani da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada tana cin kimanin kilomita 5.5 a kowace shekara. Aibin wannan lissafi shi ne, an zana taswirar farko a shekarun damina mai albarka, shi kuwa ya yi nasa awon ne bayan babban farin da ya addabi yankin a farkon shekarun 1970.

3.0 Zuwan Tauraron Ɗan'adam

A 1972 Amurka ta harba tauraron Landsat na farko, aka fara samun hoton wuri guda a kai a kai, abin da matafiyi a kan doki ko a mota ba zai iya ba. A 1991 Compton Tucker da abokan aikinsa suka bayyana nazarin hotunan taurarin auna yanayi na shekarun 1980 zuwa 1990. Sun gano cewa bakin hamada ya gangaro kudu da kimanin kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sa'an nan ya koma arewa da kimanin kilomita 110 a 1985 da ruwa ya samu. Watau ke nan bakin hamada kai-da-kawowa yake yi gwargwadon damina.

Sai dai shi ma wannan ido yana da iyakarsa. Ƙwayar hoto guda ta Landsat tana rufe fili mai faɗin mita 30, ta taurarin yanayi kuwa ta haura kilomita. Saboda haka gawo ɗaya a tsakiyar gonar gero ba ya fitowa sosai, balle kalgo ko sabara. Daɗin daɗawa, gawo yakan zubar da ganye da damina, lokacin da ake auna koren ƙasa.

4.0 Abin da ya Faru a Maraɗi da Damagaram

Tun daga 1983, Tony Rinaudo, wani ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, ya shiga ƙarfafa wa manoma gwiwa su bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi masu ƙarfi su yi musu aski, maimakon su share gona ƙaf. Wannan shi ake kira sassaben zamani, ko da yake tushensa tsohuwar dabara ce ta manoman kansu. Da ikon malaman daji ya yi sauƙi, aka kuma yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, sai al'adar ta bazu daga gona zuwa gona.

Kusan shekara ashirin ana wannan aiki ba tare da wata taswira ta nuna girmansa ba. Sai daga 2004 ne Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, tare da Chris Reij da masana 'yan Nijar, suka jera hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotuna masu kaifi, suka kuma sauka ƙauyuka suka tabbatar da idonsu. Ƙiyasin da ya fito shi ne kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Abin lura a nan shi ne, inda mutane suka fi yawa, nan itatuwa suka fi ƙaruwa, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa tun zamanin Stebbing.

5.0 Taswirar Kwamfuta

Daga 2008 aka buɗe taskar hotunan Landsat kyauta ga kowa, a 2014 kuma aka ƙaddamar da Global Forest Watch, inda mai kwamfuta da intanet zai duba asarar daji shekara bayan shekara. Amma an gina ta ne domin daji mai duhu, don haka itatuwan gona da ke warwatse ba su cika shiga lissafinta ba. A 2020 Martin Brandt da abokansa suka koya wa kwamfuta gane kan itace ɗaya ɗaya a hotuna masu kaifin rabin mita, suka ƙirga fiye da biliyan 1.8 a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3 a yammacin Sahara da Sahel.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da darussa uku. Na farko, kada a yanke hukunci da hoton shekara biyu kacal, domin damina ba ta da tabbas. Na biyu, a san kaifin hoto kafin a ce wuri ba shi da itace. Na uku, hoto yana nuna itace, amma mai gona ne kaɗai zai faɗi wanda ya raine shi da dalilin da ya sa. Muna ba da shawara ga sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu su tattara tsofaffin hotunan jirgin sama na jihohin Katsina da Jigawa da Sakkwato, su gwada su da na yau, su kuma kai taswirar gaban manoma da bayani cikin Hausa, kafin a ware wani fili da sunan kare daji.