Bagega da Wayar Hannu: Tarihin da Ya Kamata Mu Sani

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Legas da sauran jami'o'in kudu. Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi zuwa dare.

Kwana biyun nan ana ta muhawara a zaurenmu na WhatsApp: wasu na cewa surutun soshiyal midiya bai taɓa tsinana wa talaka komai ba, wasu kuma gani suke da zarar an ɗora maudu'i a X shi ke nan an gama aiki. Ni dai duk ɓangarorin biyu Bagega nake so su duba.

Bagega gari ne a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A wajajen 2009 farashin zinare ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa ga haƙarsa. Matsalar ita ce duwatsun da suke haƙowa cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna. Yaro mai rarrafe kuwa kun san shi, hannu a ƙasa, hannu a baki. Sai yara suka fara suma da jijjiga suna mutuwa. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai a 2010 da likitocin ƙungiyar MSF suka shiga, gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceton iyayensu ne.

Ga abin da mutane da yawa ba su fahimta ba. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani matuƙar yaron zai koma ya ci gaba da wasa a gurɓatacciyar ƙasa. Dole sai an fara kankare saman ƙasar kowane gida, an kwashe an binne a wani wuri, an zubo sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki tsakanin 2010 da 2011, kuɗi suka ƙare, aka bar Bagega, alhali ta fi su girma. Likitoci na nan, magani na nan, amma babu damar farawa, kuma yara kusan 1,500 na jira.

A watan Mayun 2012 aka yi taro a Abuja, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru kake ji.

A nan ne wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka shigo da abin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Ku lura da abin da suka fara yi, don shi ne ainihin dalilin wannan rubutu: ba da maudu'i suka fara ba. Sai da aka yi tattaki zuwa Bagega, aka ga gari, aka ji daga bakin iyaye, aka ɗauko hotuna. Daga nan #SaveBagega ya hau Twitter ɗauke da tambaya guda ɗaya tak: ina kuɗin da aka yi alkawari? Ƙungiyar Human Rights Watch ita ma ta roƙi jama'a su je shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan su rubuta masa. Wannan dabara ce mai kyau, domin Jonathan mutum ne mai alfahari da shafin nan, a kansa ma ya bayyana takararsa a watan Satumbar 2010. An same shi ne a inda ba zai ce bai gani ba. Bukola Saraki, wanda a lokacin yake shugabantar kwamitin muhalli na majalisar dattawa, shi ma ya sa baki. Kafin Janairun 2013 ya ƙare an amince da sakin kuɗin, aka shiga aikin kwashe ƙasa, a watan Afrilu MSF ta fara ba yara magani.

To, kada wani ya ce Twitter ce ta warkar da yaran Bagega. Likitoci da masu shebur ne suka yi aikin, kuma yaran da gubar ta riga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa babu abin da zai mayar da su yadda suke. Abin da wayar hannu ta yi shi ne ta sa ci gaba da yin shiru ya fi sakin kuɗin tsada a wajen masu mulki. Wata takwas ana jira, matsin lamba na 'yan makonni ya motsa fayil. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin bai faɗo daga sama ba. A watan Mayun 2011 aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. A shekarar ce kuma Oluseun Onigbinde da abokin aikinsa suka kafa BudgIT a cibiyar CcHUB da ke Yaba, nan kusa da Akoka, inda da yawanmu ke wucewa a danfo ba mu san me ake yi a ciki ba. Aikinsu shi ne ɗaukar kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka su mayar da shi zanen da za ka gane a waya. Da aka cire tallafin mai ranar 1 ga Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, irin waɗannan alƙaluma ne suka riƙa yawo a BlackBerry daga Ojota har Kano. Daga baya, a 2014, suka buɗe Tracka don bin diddigin ayyukan mazaɓu.

Na san za a tambaye ni #BringBackOurGirls na 2014. Ya fi #SaveBagega amo nesa ba kusa ba, har Michelle Obama ta ɗaga kwalin a Amurka, amma har yau akwai 'yan matan Chibok da ba su dawo gida ba. A ganina bambancin shi ne, a Bagega akwai adadin kuɗi sananne, akwai mutum ɗaya da sa hannunsa ake jira, kuma kunya na kama shi. Shekau kuwa wace kunya za ka ba shi?

Wani abin da ke ci mini rai shi ne, mutanen Bagega Hausa suke ji, amma yawancin kiran da Turanci aka yi shi, daga Abuja da Legas da ƙasashen waje. Sa'annan a 2015 irin wannan musiba ta sake afkuwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, sai da aka sake tayar da #SaveShikira. Mu da muke jin harshen, muka san hanyoyin ƙauyukan, muke kuma zaune a garin da ake ƙera waɗannan manhajoji, ina muke?

Shawarar da zan kai taron ƙungiya ita ce: kafin hutun ƙarshen zango, kowa ya shiga shafin Tracka ya nemo aiki ɗaya da aka sa wa mazaɓarsa a kasafin bana, ko rijiyar burtsatse ce, ko ajujuwa, ko ɗakin shan magani. In ya je gida ya taka da ƙafarsa ya duba, ya ɗauki hoto, ya rubuta rana, ya tambayi mai unguwa. Kada a ɗora fuskar yaran mutane ba da izinin iyayensu ba, kuma kada a kira kowa ɓarawo, a rubuta abin da ido ya gani kawai. In mun dawo sai mu haɗa, mu fitar da Hausa da Turanci. Wanda zai shiga ya rubuta sunan ƙaramar hukumarsa a ƙasa, 'yan Kimiyyar Kwamfuta kuma muna buƙatar mutum biyu da za su tsara mana fom.