Wanda Bai Kai Ƙasa Ba: Tarihin Jirin da Ke Bin Bugun Kai a Wasannin Samari

Idan kana da ɗa ko ƙane da ke ɗaure hannu a lokacin kaka, ko mai buga ƙwallo da la'asar a filayen Jogana, Babawa, Tsamiya Babba ko cikin garin Gezawa, wannan tarihi ya shafe ka. Ɗan Adam ya daɗe yana auna munin bugun kai da faɗuwa ko suma. Sai da aka shafe ƙarnuka kafin likitoci su gane cewa jirin da yaro ke ji yana tsaye da ƙafafunsa ya fi suman ba da labarin abin da ke tafe.

Mu fara daga gida. An san dambe a ƙasar Hausa da mahauta, waɗanda kan zaga ƙauyuka bayan an kawar da amfanin gona, su yi yanka, su yi wasa. Hukuncinsa a fili yake: turmi uku ake yi, kuma duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi. Har gobe haka ake yi a gidajen damben Kano, inda 'yan Kudu da Arewa da Guramaɗa ke karawa, kuma su samarin ƙauye ke kwaikwaya. Wannan doka ta raba gardama a kan wanda ya yi nasara, amma ta bar mana zaton cewa wanda bai kai ƙasa ba lafiyarsa ƙalau. Saurayi ya sha naushi a muƙamuƙi, ya yi tangaɗi, ya cije ya tsaya, kalangu ya ɗauka, 'yan kallo su yi sowa, a shiga turmi na gaba. A filin ƙwallo ma, idan kai biyu suka gwaru, sai a zuba wa yaro ruwa a ka, a ce masa namiji ne, ya koma.

Masana tarihin likitanci suna danganta farkon gyara wannan zato ga Abubakar Ar-Razi, likitan da ya yi aiki a Bagadaza, ya rasu wajen shekarar 925. Shi ya bambanta raunin da ke fasa ƙoƙon kai ko ya huda ƙwaƙwalwa da wani yanayi na daban, inda ƙwaƙwalwa ke girgiza, aikinta ya rikice na ɗan lokaci, alhali babu raunin da ido ke gani. Wannan yanayi shi muke kira girgizar ƙwaƙwalwa a yau.

Asalin jirin kansa kuwa ya daɗe a duhu. A shekarun 1820 wani masani Bafaranshe, Pierre Flourens, ya yanke wasu ƙananan bututu masu lanƙwasa da ke can cikin kunnen tattabaru, sai ya ga tsuntsayen sun kasa tsayuwa, kawunansu na kaɗawa. A 1861 Prosper Ménière ya bayyana a Paris cewa hajijiya na iya fitowa daga kunne, a lokacin da ake ɗora laifinta duka a kan ƙwaƙwalwa. An ba Robert Bárány lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1914 saboda aikinsa a kan wannan sashe na kunne. Daga nan aka fahimci cewa tsayuwar mutum daidai aikin haɗin gwiwa ne: kunnen ciki na auna motsin kai, ido na auna wuri, jijiyoyin wuya da ƙafafu na kai rahoto, ƙwaƙwalwa kuma na haɗa su. Naushi ɗaya na iya taɓa kowanne daga cikinsu.

A 1928 Harrison Martland, likitan binciken gawa a jihar New Jersey ta Amurka, ya rubuta a kan 'yan damben zamani da suka daɗe suna shan duka, har tafiyarsu ta koma irin ta mashayi. Amma hankali ya tsaya a kan manyan 'yan wasa. Batun matasa ya taso ne da aka lura cewa bugu na biyu, idan ya sami ƙwaƙwalwar da ba ta warke daga na farko ba, yana iya kumbura ta cikin mintuna. An bayyana wannan a 1973, aka raɗa masa suna a 1984. Ba kasafai yake faruwa ba, amma akasarin waɗanda aka ruwaito ya sama matasa ne.

A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Washington, Zackery Lystedt, ya bugu da kai a wasan ƙwallon Amurka. Ya ɗan huta, aka mayar da shi fili, ya yanke jiki ya faɗi a ƙarshen wasan. An yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, ya rayu da nakasa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk matashin da ake zaton ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a fitar da shi, kuma ba zai koma ba sai da izinin ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 duk jihohin Amurka 50 sun yi irin wannan doka.

Sai ga binciken da ya fi kusa da batunmu. A 2011 masu bincike a Pittsburgh suka wallafa abin da suka gani a ɗaliban sakandare 107 da suka sami girgizar ƙwaƙwalwa a wasa. Cikin duk alamomin da aka gani a fili, jiri ne ya fi nuna wanda jinyarsa za ta kai kwana 21 ko fiye, da ninki kusan 6. Suma ba ta nuna hakan ba. Dama an san cewa wajen ɗaya cikin goma ne kawai, ko ƙasa da haka, ke suma. Ka ga ke nan ma'aunin kai ƙasa yana barin mafi yawan waɗanda suka ji rauni suna ci gaba da wasa.

To, yaya za ka gane wannan jiri a gida? Kala-kala ne, kowanne da abin da ke tayar da shi. Akwai hajijiya, inda ɗaki ke juyawa na ƙasa da minti ɗaya idan yaro ya juya a kan tabarma, ko ya sunkuya, ko ya ɗaga kai sama. Sau da yawa wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da yashi suka goce daga mazauninsu a cikin kunne, kuma a 1992 John Epley ya wallafa hanyar mayar da su ta jujjuya kan majiyyaci a tsare, ba tare da magani ba. Akwai jirin da ido ke tayarwa: kallon waya, kwafar rubutu daga allo, cunkoson ranar kasuwa, ko tafiya a kan babur. Akwai duhu-duhun da ke rufe ido idan ya miƙe farat ɗaya, wanda zafin rana da ƙishirwa da yunwa ke ƙara wa ƙarfi. Akwai kuma wanda ke tafe da ciwon wuya. Ka tambaye shi da lallashi, domin saurayi kan ɓoye don kada a ce masa rago. Kada kuma ka yi saurin ɗora abin a kan zazzaɓi ko iska ko asirin abokin karawa alhali an san ya bugu.

Tun taron farko da aka yi a Vienna a 2001, masana ke haɗuwa suna sabunta ƙa'idoji, na shida aka yi shi a Amsterdam a 2022. Abin da suka tsayar shi ne: wanda ake zaton ya sami girgizar ƙwaƙwalwa ba ya komawa wasa a ranar. Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, ya rage kallon waya, sannan ya fara tafiya a hankali, domin dogon kwanciya a ɗaki mai duhu ba ya gaggauta warkewa. Karatu ya riga wasa dawowa. Akasarin matasa kan warke cikin mako huɗu, amma idan jiri ko ciwon wuya ya wuce kwana 10, ana buƙatar gashi da atisaye na musamman a hannun ƙwararru. Ita ma hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince a 2024 da ƙarin canji domin ɗan wasan da ya bugu a ka.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake wahalar tayarwa, jijjiga, sarƙewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ganin abu biyu-biyu, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Idan ka ga ɗaya, ka garzaya da shi Babban Asibitin Gezawa, daga nan idan da hali a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ba shi tiramadol, domin yana rufe alamomin, yana kuma jawo jiri da jijjiga. Kada ya hau babur da kansa, ko bishiya, ko ya tsaya bakin rijiya, har jirin ya wuce.

Garuruwanmu ba su jiran wata doka kafin su yi aiki da wannan sani. Uba da malamin wasanni da sarkin dambe kowannensu na da ikon cewa yau an gama. Idan yaro ya ce ƙasa na juya masa, ka kwance masa hannu, ka zaunar da shi a inuwa, wata kakar na nan tafe.