Tsakanin Amshi da Tahmisi: Nazarin Manhajojin Haɗa Waƙa da Fodkas ta Intanet a Ƙasar Furana da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta auna manhajojin da ake haɗa waƙa da fodkas da su a cikin burauza bisa hanyoyi biyu da Hausawa suka gada na yin tarayya a waƙa, wato amshi da tahmisi, ta kuma kafa hujja cewa na biyun ne ya dace da su.

Gabatarwa

Tun da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, waƙar zamani ta zama abin da ake yi wa tafiya, har ya kasance saurayin da Allah ya hore wa murya a Furana, ko Makarfi, ko Hunƙuyi, ba shi da makawa sai ya tara abin da ya samu na tumatir ko na rake, ya hau mota zuwa Zariya ko Kano, ya bi layi a ƙofar mai kiɗa. Kamfanonin manhajojin da muke magana a kansu sun zo da da'awar ɗauke wannan wahala, domin mutum yana buɗe shafinsu, ya tarar da situdiyo a shimfiɗe gabansa.

Mafi shahara a cikinsu su ne Soundtrap, wanda aka kafa a ƙasar Suwidin a 2012, Spotify ya saye shi a 2017, sannan ya mayar wa waɗanda suka kafa shi a 2023. Da kuma BandLab, wanda Meng Ru Kuok ya assasa a Singafo a 2015. A fagen fodkas akwai Riverside da Zencastr.

Mas'alar amshi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu ya ga yadda yake matse igiyoyin a hammata ya sassauta, yana kallon bakin mawaƙi, har gangar ta riƙa hawa da sauka yadda karin harshe yake hawa da sauka, 'yan amshi kuwa su cafe kafin numfashin jagora ya yanke, kamar yadda aka sani a tawagar Mamman Shata, Allah ya jiƙansa. Sharaɗin wannan kuwa ittifaƙin lokaci ne. To, sauti idan ya ratsa intanet yana jinkiri, kuma da zarar jinkirin ya haura kimanin kashi 30 cikin 1000 na sakan, sai makaɗa su fara tuntuɓe da juna, alhali wanda ke amfani da datar waya a ƙauye jinkirinsa yakan zarce haka. Saboda haka amshi na haƙiƙa ba ya tabbata a wannan hanya. Ƙari a kan wannan, taskar sautukan da manhajojin ke zuwa da ita an gina ta ne bisa kiɗan Turawa, ba a yi ta domin kotso ko kuntigi ba.

Mas'alar tahmisi

A nan ne al'amarin ya ƙayatar da mai wannan nazari. Malamanmu sun daɗe da sanin tarayyar da ba ta buƙatar haɗuwar jiki, inda wani sha'iri zai ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani, ya ɗora masa ɗango uku a gaba ya zama ƙwar biyar, ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya na asali ba. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan ƙasar Zazzau cikin watan Maulidi haka ta samu: Alfazazi na Andalus, wanda ya rasu a 1230, shi ya yi asali, Ibnu Mahib ya yi tahmisi. Haka kuma Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya tahmasa ta.

Aikin manhajojin nan bisa wannan usulubi yake tafiya. A ƙaddara ɗalibi a Makarfi ya shiga ɗaki bayan lisha, ya rufe taga saboda ƙarar janareta, ya ɗauki muryarsa a waya. Washegari abokinsa a Samaru ya buɗe aikin, ya ɗora mandiri a wani layi daban, muryar farko na nan yadda take. BandLab ma ya tanadi hanyar da mai waƙa zai ba da izini wani ya ɗauki aikinsa ya gina a kai, sunan mai asali na biye, wanda kuwa shi ne ladabin tahmisi. Fodkas ya fi samun sauƙi, domin Riverside da Zencastr suna naɗar muryar kowa a na'urarsa kafin a tura, ta yadda raunin sabis ba zai ɓata karatun mai jan baƙi ba ko da malamin yana wani gari.

Mas'alar amana

Abin da ya rage mai nauyi shi ne ajiya. Takardun Ishiriniya suna cikin gafakar malami, magada su gada. Aikin da aka yi a burauza kuwa yana kwance a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, ƙarƙashin sharuɗɗan da aka rubuta da Ingilishi, kuma mun ga Soundtrap ya sauya hannu sau biyu cikin shekara shida. Fiƙihu ya yi babi guda a kan wadi'a saboda sanin haɗarin ajiya a hannun wani.

Don haka muna kira ga matasan Furana, Ikara, Makarfi da Kudan da su riƙa sauke kowane layi na aikinsu su adana a hannunsu ranar da suka gama shi, muna kuma roƙon masana Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da su naɗi sautin kalangu da kotso da gangar noma daga hannun makaɗan da ke raye, da izininsu da haƙƙinsu, domin yaranmu su sami abin ɗorawa na gida.