Dorcas da Deborah: Zinaren Fatakwal da muka manta

Jama'a, jiya da yamma na tarar da 'yata da ƙawarta sun mai da igiyar shanya raga a tsakar gidanmu nan Sabon Gari, suna buga badminton. Nan take Dorcas Adesokan ta faɗo mini a rai.

A Afrilun 2019, a Fatakwal, ita da Deborah Ukeh suka lashe gasar Afirka ta mata bibbiyu. Cikin Agusta kuma, a Wasannin Afirka na Maroko, 'yan Masar Doha Hany da Hadia Hosny suka doke su a wasan ƙarshe. A Olamfik ta Tokyo a 2021, 'yan Masar ɗin ne suka wakilci Afirka a bibbiyu. Dorcas ta je, amma wasan ɗaiɗai ta buga.

Gurbin Olamfik da maki ake samun sa, maki kuwa sai an yi ta zagayen gasa ƙasa-ƙasa. Ga bibbiyu, kuɗin jirgi ninki ne.

To mu fa a Sakkwato? Wasan nan ba haɗa jiki, a rufaffen ɗaki ma ana yi. Me zai hana a kai shi makarantun 'yan matanmu? Ni dai albashi na shiga, raga zan saya wa tawa, in sha Allahu.