Ranar da Haruffa Suka Sauya Layi

A ranar 1 ga Agusta, 2018, aka fitar da glibc 2.28, sabon zubi na wata manhaja da mafi yawan kwamfutocin Linux suka dogara da ita. Cikin gyare-gyaren da ta zo da su akwai guda ɗaya da ya hana masu kula da rumbunan bayanai sakat na tsawon shekaru: an sauya ƙa'idar jera kalmomi.

Asalin maganar ya faro ne daga Amurka. A 1963 aka fitar da tsarin ASCII, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, sannan zubin 1967 ya ƙara ƙananan haruffa. Babban A ya samu 65, babban Z 90, ƙaramin a kuwa 97. Jera kalmomi sai ya zama kwatanta lambobi kawai, aikin da kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido. Sai dai mutane ba haka suke jera kalmominsu ba. A Suwidin harafin ä yana zuwa bayan z, a Jamus kuwa tare da a yake zama. Masu Sifaniyanci sun daɗe suna ɗaukar ch a matsayin harafi mai zaman kansa, sai a 1994 suka mayar da kalmominsa cikin jerin c.

Hausa ma tana cikin wannan rigima. A ƙamus, ɓ na biye da b, ƙ na biye da k. Amma a tsarin Unicode lambobinsu suna can nesa da z. In aka bi lamba zalla, "zomo" zai riga "ƙasa", ita kuma "ƙasa" ta riga "ɓera".

Maganin da aka samo shi ne saitin harshe da yanki: a gaya wa kwamfuta harshen mai amfani da ita, ita kuma ta bi ƙa'idar wannan harshe. Rumbun bayanai na PostgreSQL bai rubuta nasa ƙa'idojin ba, ya riƙa aro daga glibc. A nan tarkon yake.

Rumbu ba ya bin miliyoyin sunaye ɗaya bayan ɗaya in an tambaye shi. Fihirisa yake ginawa, jeri da aka tsara tun lokacin shigar da bayanan, ya riƙa nema kamar mai buɗe ƙamus a tsakiya yana cewa gaba ne ko baya. Wannan dabara tana aiki ne muddin ƙa'idar jiya ita ce ta yau. Zubin 2.28 ya ɗauko sabon ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 14651, jeri ya juya. A da "11" ke riga "1-1" a saitin Turancin Amurka, yanzu "1-1" ne a gaba.

Da Red Hat Enterprise Linux 8 da Debian 10 suka fito a 2019 ɗauke da sabon zubin, duk wanda ya sabunta kwamfutarsa ya bar tsohon fihirisa ya shiga hatsari. Suna yana nan a rumbu, amma a neme shi a rasa, domin ana duba inda ba nan aka ajiye shi ba. Abin da aka hana shigarwa sau biyu, kamar sunan asusu, sai ya shiga sau biyu. Kwamfutoci biyu masu bayanai iri ɗaya su ba da amsa daban. Mafi muni, babu wani gargaɗi. Mafita ita ce a rushe fihirisar a sake gina ta, aikin da kan ci sa'o'i a babban rumbu.

Akwai kuma batun sauri. Bin ƙa'idar harshe ya fi kwatanta lambobi cin lokaci, shi ya sa wasu ke zaɓar saitin C, mai bin lamba zalla. PostgreSQL 9.5 ya zo da dabarar hanzarta jera kalmomi a 2016, amma cikin 'yan watanni aka kashe ta ga duk saitin da ba C ba, saboda an gano hanyoyi biyu na kwatanta kalmomi a glibc ba kullum suke yarda da juna ba.

Gyara ya zo sannu a hankali. A 2017 PostgreSQL 10 ya buɗe ƙofa ga ICU, manhajar da ke ɗauke da ƙa'idojin harsuna da dama, har da Hausa. Zubi na 15, a 2022, ya fara riƙe lambar ƙa'idar da aka kafa rumbu a kanta, ya yi gargaɗi in ta sauya. Na 17, a 2024, ya zo da tsarin jeri na cikin gida wanda sabunta Linux ba ya taɓa shi.

Har yanzu dai zaɓin yana wuyan mai gina rumbu. Wanda zai ajiye sunayen ɗalibai ko na marasa lafiya da Hausa, in ya bi lamba zalla ya samu sauri da kwanciyar hankali, amma Ɗanladi zai koma bayan Zainab. In ya bi ƙa'idar harshe, Ɗanladi zai dawo kusa da Dauda, shi kuma ya ɗauki nauyin duba fihirisarsa duk ranar da aka sabunta kwamfutar.